Tambaya da Amsa: Ina Iyakar Zambo a Lokacin Zaɓe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai zanen barkwanci ne, nakan yi wa 'yan takara shaguɓe a shafina. Abokaina na ta tsorata ni wai dokar hana yaudarar masu zaɓe za ta iya hawa kaina. Mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ajiye alƙalaminka. Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ya kare faɗin albarkacin baki, har da wanda aka yi ta hanyar zane. Ba a taƙaita shi sai da rubutacciyar doka, kuma sai don kare haƙƙi da mutuncin wasu, tsaron ƙasa, zaman lafiya, lafiyar jama'a ko ɗa'a. Wanda ya fito neman mulki kuwa dole ya jure zambo fiye da kowa.

Abin da kotu kan duba shi ne: mai hankali zai ɗauki abin a matsayin labari na gaskiya? A 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta ba mujallar Hustler gaskiya a kan mai wa'azi Jerry Falwell, saboda ba wanda zai gaskata shaguɓen da aka yi masa. Ka zana ɗan takara da ƙaton ciki yana haɗiye kasafin kuɗi, kowa ya san habaici ne. Amma ka rubuta cewa ya saci kuɗi kaza ranar kaza ba tare da hujja ba, wannan ƙazafi ne ko da ka lulluɓe shi da raha. A Ingila, sashe na 106 na dokar zaɓe ta 1983 ya haramta yi wa ɗan takara ƙarya game da halinsa, kuma da shi kotu ta ƙwace kujerar ɗan majalisa Phil Woolas a 2010.

Inda muka fi jiye maka tsoro shi ne wasa da yadda ake zaɓen kansa: rana, rumfa, hanyar kaɗa ƙuri'a, ko cewa wane ya janye takara. A 2016 wani Ba'amurke, Douglass Mackey, ya yaɗa hotuna masu kama da tallar kamfe, suna cewa magoya bayan Hillary Clinton su yi zaɓe ta saƙon waya. An same shi da laifi a 2023, sai a 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin don rashin isasshiyar hujjar haɗa baki. Ya tsira, amma bayan shekaru yana zaryar kotu. Irin wannan wasan talaka yake rabawa da ƙuri'arsa, ɗan takara bai ji komai ba.

Don haka ka rubuta kalmar "barkwanci" da sunanka a jikin hoton, domin rubutun da ke ƙasa yakan ɓace idan aka tura shi gaba. Kada ka ɗora tambarin hukumar zaɓe ko na wata jarida. Ka kuma guji kwaikwayon muryar mutum da ƙirƙirarriyar basira: a 2024 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci tarar dala miliyan 6 a kan wanda ya shirya kiran waya da muryar Joe Biden ta bogi, yana hana mutanen jihar New Hampshire fita zaɓen fidda gwani.

TAMBAYA: Ni dai turawa kawai nake yi a WhatsApp. Ko a jajibirin zaɓe akwai laifi?

AMSA: Malama, akwai yiwuwar haka. Ƙasashe da dama na rufe yaƙin neman zaɓe kafin ranar. A Indiya awa 48 ne kafin a rufe rumfuna. A Faransa, da yake ranar Lahadi ake zaɓe, daga tsakar daren Juma'a wayewar Asabar an hana yaɗa saƙon kamfe ga jama'a, har ta intanet. Zanen da ba laifi ranar Alhamis yana iya zama kamfe ranar Asabar idan yana cewa a zaɓi wane ko a ƙi wane. Ki duba sanarwar hukumar zaɓen ƙasarki, ki san sa'ar da ake rufewa, daga nan ki dakata da turawa har a gama kaɗa ƙuri'a.