Hukuncin Zana Namun Daji da Sassaƙa Su Don Sayarwa

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mai zane ne a ƙasar Bauchi, da fenti da buroshi nake ci da iyalina. Galibin abin da ake saye a hannuna zanen namun daji ne, su giwa da ɓauna da gwaggon biri, domin baƙin da ke zuwa Yankari su ne kasuwata. Direbobin manyan motoci sukan kawo mini aiki in zana musu zaki a bayan mota, wata makarantar firamare kuma ta ba ni bangon aji in cika shi da dabbobi da sunayensu. Kwanan nan wani mai otal ya ba ni kafin alƙalami in sa a sassaƙa masa giwa ta katako, mai tsayin mutum, a kafa a bakin ƙofa. Wani abokina ya ce duk abin da nake yi haramun ne, har kuɗin da nake samu. Wani kuma ya ce hanin a kan siffar ɗan Adam ne kawai, naman daji ba komai, tunda ba wanda ke bauta wa giwa. Malam, ina gaskiyar take?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin ka ci kuɗin. Kuma ka kwantar da hankalinka, ba kai ne farkon mai sana'ar hannu da wannan damuwa ta kama ba. Bukhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce masa abincinsa daga aikin hannunsa yake, kuma waɗannan surori yake yi. Ibnu Abbas ya ce ba zai faɗa masa komai ba sai abin da ya ji daga bakin Manzon Allah (SAW): wanda duk ya suranta wata sura, Allah zai azabtar da shi har sai ya busa mata rai, kuma ba zai taɓa iya busawa ba. Mutumin ya yi dogon numfashi, fuskarsa ta sauya. Sai Ibnu Abbas ya ce masa: kaitonka, in dai ba makawa sai ka yi, to ga itatuwa nan, da duk abin da ba shi da rai.

Wannan hadisin ya isa ya rushe maganar abokinka na biyu. Iyakar da Ibnu Abbas ya shata tsakanin mai rai ne da marar rai. Bai raba ɗan Adam da dabba ba, bai raba akuyar gida da barewar daji ba. Zaki da damisa da giwa hukuncinsu ɗaya ne da doki da tantabara. Batun cewa ba a bauta wa naman daji kuwa, tarihi bai goyi bayansa ba. Gumaka biyar ɗin da Allah ya ambata a aya ta 23 cikin Suratu Nuh, wato Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, Ibnu Abbas ya ce asalinsu sunayen salihan bayi ne da aka kafa musu alamomi don tunawa, da ilimi ya gushe sai aka bauta musu. Wasu malaman tafsiri kuma sun naƙalto cewa Yagusu siffar zaki gare shi, Ya'uƙu siffar doki, Nasru siffar mikiya. Ka ga ashe zakin ma an taɓa durƙusa masa.

Amma abokinka na farko shi ma ya yi gaggawa, domin ya haɗa abubuwa huɗu ya ɗaure su da igiya ɗaya, alhali malamai sun rarrabe su.

Mu fara da giwar katako, tunda ita ce mafi sauƙin hukunci. Siffar mai rai wadda take da jiki, ta tsaya da kanta har tana yin inuwa, gaɓoɓinta cikakku, an yi ta da abin da ke daɗewa kamar katako ko dutse ko siminti ko tagulla, wannan haramun ce a mazhabobi huɗu duka. Alƙali Abubakar ɗan Arabi, ɗaya daga cikin manyan Malikawan Andalus, har ijma'i ya hakaito a kai. Abin da aka togace shi ne 'yar tsanar yara, saboda Nana A'isha tana da su a ɗakin Annabi (SAW). Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata rana ya ga doki mai fukafukai biyu a cikinsu, ya tambaye ta, ta ce ashe bai ji cewa Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai ba? Ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. To giwa mai tsayin mutum a ƙofar otal ba abin wasan yara ba ce, ado ce da aka kafa don a ɗaga kai a kalla. Kada ka sassaƙa, kada ka sa a sassaƙa, domin mai kai aikin ga masassaƙi ya ci riba a tsakani abokin tarayya ne. Idan wani ya kawo maka aya ta 13 cikin Suratu Saba, inda aljannu ke yi wa Annabi Sulaimanu mutum-mutumi, ka ce masa wannan shari'ar waɗanda suka gabace mu ce, tamu ta zo da saɓaninta a fili.

Inda maganar take da faɗi shi ne zanen da ke kwance a kan ƙyalle ko takarda ko bango, wanda ba shi da jiki balle inuwa. A nan saɓani ne na gaske, tsoho, kuma kowane ɓangare da hujjarsa.

Mafi yawan Shafi'awa da Hanafawa da Hambalawa sun haramta. Imam Nawawi a sharhinsa ga Sahihu Muslim ya tsananta ƙwarai, ya ce suranta mai rai babban zunubi ne, da inuwa ko babu. Babbar hujjarsu hadisin Nana A'isha ne da ke cikin Bukhari da Muslim: ta rataya labule mai surori, Annabi (SAW) ya shigo ya gani, fuskarsa ta sauya, ya yage shi, ya ce mafi tsananin azaba ranar alƙiyama su ne masu kwaikwayon halittar Allah. Labule kuwa ba shi da inuwa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kada kowa ya raina ta.

Malikawa suka ce hanin da ya kai haramci yana kan mai inuwa ne. Hujjarsu ita ma tana cikin Bukhari da Muslim. Zaidu ɗan Khalid ya ruwaito daga Abu Ɗalha cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura. Daga baya Zaidu ya yi rashin lafiya, Busru ɗan Sa'id ya je gaishe shi, sai ya tarar da labule mai sura a ƙofarsa. Ya yi mamaki, ya tambayi abokin tafiyarsa Ubaidullahi, shi kuma ya ce masa: ba ka ji lokacin da Zaidu, cikin ruwayar hadisin, ya ce "sai dai zane a jikin tufa" ba? Sannan Muslim ya ruwaito wani labulen na Nana A'isha mai siffar tsuntsu, wanda Annabi (SAW) ya ce ta kawar da shi domin duk lokacin da ya shigo ya gan shi sai ya tuna duniya. Bai yage ba, bai ambaci azaba ba. Shi ma wancan da aka yage, matasan kai ta yi da shi, aka ci gaba da amfani da su a ɗakin. Akwai wani abu kuma da nake so ka riƙe, tunda a kan namun daji ka yi tambaya. Alƙasim ɗan Muhammad, jikan Sayyidina Abubakar, wanda ya tashi a hannun gwaggonsa Nana A'isha kuma yana cikin malaman fiƙihu bakwai na Madina, an shiga gidansa an ga labulen gado mai zanen wata dabbar ruwa da tsuntsun almara da Larabawa ke kira anƙa'u. Ibnu Abi Shaiba ne ya ruwaito, Ibnu Hajar ya inganta isnadinsa a Fathul Bari. Mutumin da ya ruwaito hadisin labule daga gwaggonsa bai jahilci hadisin ba, fahimtarsa ce ta zama haka.

Wannan shi ne abin da muka tashi muna karantawa a zaure. Ibnu Abi Zaid a Risala ya ce an karhanta surori a jikin gadaje da rumfuna da bangaye da zobe, zane a jikin tufa ba ya ciki, amma barinsa ya fi. Shehu Dardir, a sharhinsa ga Muhtasar na Khalil, cikin babin walima, ya tsara maganar: mai inuwa cikakken gaɓoɓi haramun, marar inuwa makaruhi idan ana girmama shi, idan kuwa a wurin da ake takawa ko zama yake to saɓa wa abin da ya fi ne kawai, itace da jirgin ruwa da makamantansu halas.

Abin da nake ba ka fatawa da shi ke nan: zanen giwa da ɓauna a kan ƙyalle makaruhi ne, ba haramun ba. Kuɗin da ka samu a baya ba haramun ba ne, ka ci da iyalinka ba tare da waswasi ba. Sai dai ban ɓoye maka cewa manyan malamai da yawa sun haramta, kuma fita daga saɓani abin so ne, musamman a abin da mutum zai kwana ya tashi a cikinsa shekara da shekaru. Kada kuma wani ya ruɗe ka da zakuna goma sha biyu na dutse da ke fadar Alhamra a Garnaɗa ta ƙasar Andalus, ko zanen zaki yana kama barewa a daɓen fadar Banu Umayya kusa da Ariha ta ƙasar Falasɗinu. Ana yawan kawo su a matsayin shaida cewa Musulmi sun yi. Sun yi ɗin, amma aikin sarakuna tarihi ne, ba a ɗaukar hukunci daga gare shi.

Bangon makaranta ya fi sauƙi. Karhanci yana faɗuwa idan buƙata ta zo, koyarwa kuwa buƙata ce. Yaron da aka haifa a Alkaleri, a gefen dajin da aka keɓe tun 1956, yana iya girma bai taɓa ganin zaki ido da ido ba, bai san bambancin gwanki da barewa ba. Idan an yarda wa yarinya da 'yar tsana mai jiki don ta koyi raino, zanen da ba shi da jiki don yaro ya san halittar Ubangijinsa ya fi cancantar rangwame. Sharaɗi ɗaya zan sa maka: idan a ajin ake salla, ka bar bangon alƙibla fari.

Zakin bayan mota ne nake so mu ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne abin da ya fi zanen kansa hatsari yake ɓuya. Direban da ke son zaki don ado ko don kirari, ya ce motarsa manyan dawa ce a kan titi, hukuncinsa shi ne wanda ya gabata. Amma ka san mutanenka. Akwai wanda zai ce maka zakin yana kore baki, ko yana tsare mota daga haɗari da 'yan fashi, wani ma sai ya kawo maka wani ƙulli ya ce ka zuba a cikin fentin. Wannan ya tashi daga babin zane ya koma babin aƙida, kuma ta wannan ƙofar ce mutanen Annabi Nuhu suka shiga. Irin wannan aikin haramun ne ko da ɗan ƙaramin zane ne da alli, kuma a nan ba Malikawa ba Shafi'awa, bakinsu ɗaya. Ba a ce ka riƙa tuhumar kowane direba ba. Amma wanda ya furta maka da bakinsa, ka yi masa nasiha, ka ajiye buroshi.

Za ka ji wasu na cewa a ja layi a wuyan dabbar, shi ke nan an yanke kai. Wannan dabara ce marar tushe. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Mala'ika Jibrilu ya ce a sare kan mutum-mutumin har ya koma kamar itace. Giwar da aka zana wa zare a wuya tana nan giwarta.

Ba ka tambayi hoton kyamara ba, amma na san zai biyo baya, tunda daga hoto kuke kwafa. Shehu Muhammad Bakhit Almuɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya tafi a kan cewa hoto tsare inuwar abin da Allah ya halitta ne, kamar madubi, ba ƙirƙirar sura ba ce. Malamai da dama sun bi shi, wasu kamar Shehu Ibnu Baz sun hana sai da larura. Ni ina tare da na farko. Haka nan dawaki biyu da mikiyar da ke tambarin Najeriya a jikin takardar naira, ba sa ɓata sallar wanda ke da kuɗi a aljihu.

Shawarata gare ka, ka riƙa karkata hannunka sannu a hankali zuwa abin da ba saɓani a cikinsa. Yankari ba dabbobi kaɗai ba ne: ga ruwan ɗumi na Wikki, ga kogin Gaji, ga kuka da giginya da duwatsu da faɗuwar rana. Ga kuma gadon da magina da maɗinka suka bar mana, su dagi da aska takwas da zanen fuskar soro, wanda baƙi ke saye da daraja. Ba na ce ka rufe shago gobe ba.

Shi kuwa mai otal, ka je ka same shi da kuɗinsa a hannu. Ka gaya masa giwar katako ba za ta samu daga wurinka ba, ka ba shi zaɓi: ko ka ƙawata masa ƙofar da zanen gargajiya da itatuwa, ko ya karɓi kafin alƙalaminsa cif. Idan ka riga ka sayi katakon da kuɗin, ku yi lissafi, a fitar masa da ƙyaure ko kujeru da shi.

Wallahu a'alamu.