Tambaya da Amsa: Za a Kai 'Yata Unguwar Bijlmer, Wane Irin Wuri Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Zango a birnin Kumasi. An ɗaura wa 'yata aure da wani ɗan uwanmu da ya daɗe a ƙasar Holan, kuma yana shirin ɗaukar ta zuwa inda yake zaune, wata unguwa a birnin Amstadam da ake kira Bijlmer. Wasu sun ce mini unguwar 'yan ƙwaya da ɓarayi ce, wasu kuma sun ce cike take da mutanen Gana, har ba za ta san ta bar gida ba. Ina roƙon a bayyana mini su wane ne mazauna wurin, yaya gidajensu suke, kuma wace irin rayuwa yarinyar za ta tarar. Daga wata uwa a Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a auren, ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Duka maganganun biyu da kika ji suna da tushe, sai dai ta farko ta fi dacewa da yadda unguwar take shekaru 40 da suka wuce, kuma ba za a gane dalilin mummunan sunan ba sai an san yadda aka gina ta.

Bijlmer tana kudu maso gabashin Amstadam, a filin da asalinsa tafki ne aka janye ruwansa tun ƙarni na 17. An soma ginin unguwar a shekarar 1966, mutanen farko suka tare a 1968. Masu tsara birni na wancan zamani, ƙarƙashin jagorancin Siegfried Nassuth, sun yi nufin gina unguwar da babu irinta: manyan benaye 31 masu hawa goma ko fiye, ɗauke da gidaje kimanin 13,000, an jera su da lanƙwasa kamar saƙar zuma, da ciyawa da itatuwa da ruwa a tsakaninsu. Aka ɗaga titunan mota sama, aka bar ƙasa ga masu tafiya da ƙafa da masu keke, aka kuma gina manyan garejoji nesa da ƙofar gida. Gidajen kansu masu faɗi ne da haske, amma 'yan ƙasar masu matsakaicin hali, waɗanda dominsu aka yi ginin, ba su zo da yawa ba, saboda kuɗin haya ya yi tsada, kantuna sun yi jinkirin zuwa, jirgin ƙasa na cikin gari bai iso ba sai 1977, kuma a daidai lokacin garuruwa masu tasowa irin su Almere da Purmerend suna ba da gida na ƙasa mai ɗan lambu a baya. Da ƙasar Surinam ta sami 'yancin kai daga Holan a watan Nuwamban 1975, dubban mutanenta suka ƙaura zuwa Amstadam, kuma Bijlmer ce ta karɓe su, domin can ne ake da gidajen da babu kowa. Rashin aikin yi ya yi yawa, dogayen barandoji da garejoji masu duhu, waɗanda babu idon kowa a kansu, suka zama mafakar masu sayar da ƙwaya, har ta kai a tsakiyar shekarun 1980 kusan gida ɗaya cikin huɗu ba shi da mai haya. Daga nan ne labarin da aka ba ki ya samo asali.

Ranar 4 ga Oktoban 1992 wani jirgin saman ɗaukar kaya na kamfanin El Al ya faɗa kan benaye biyu, Groeneveen da Klein-Kruitberg, hukuma ta ƙidaya mutum 43 da suka rasu. Mazauna unguwar da yawa sun daɗe suna ganin adadin ya fi haka, domin a cikin gidajen akwai baƙin da sunansu ba ya cikin kowace rajista. Daga wannan shekarar aka shiga aikin sabunta unguwar, wanda ya ɗauki fiye da shekara 20. Aka rushe da yawa daga cikin dogayen benayen, aka gina gidaje na ƙasa da ƙananan benaye a madadinsu, aka sauko da wasu titunan ƙasa, aka rushe garejoji, benayen da suka rage kuma aka gyara su. Ɗaya daga cikinsu, Kleiburg, har ya ci babbar lambar yabo ta gine-gine ta Tarayyar Turai a 2017. Ba zan ce miki babu laifi a unguwar yanzu ba, kuma har yau kuɗin shigar iyalai a can bai kai na yawancin sassan birnin ba, amma unguwa ce ta ma'aikata da 'yan makaranta, kusa da filin wasan ƙungiyar Ajax da babban asibitin jami'a da ofisoshin bankuna.

Game da mazauna, gundumar da Bijlmer take ciki tana da mutum kimanin 90,000, daga ƙasashe fiye da 100. 'Yan asalin Surinam su ne rukuni mafi girma cikin masu asali daga waje, sai mutanen Gana da na tsibiran Karebiyan da ke da alaƙa da Holan, akwai kuma 'yan Najeriya. Abin da ya kamata ki sani shi ne yawancin 'yan Gana na can Kiristoci ne masu jin harshen Tuwi, don haka 'yarki za ta fi jin Tuwi a kasuwa fiye da Hausa, kuma tashinta a Kumasi zai yi mata amfani ƙwarai. Akwai masallatai, mafi shahara shi ne masallacin Taibah da ke kusa da tashar Kraaiennest, wanda Musulmin Surinam suka gina. A kasuwannin fili da ke ci a Ganzenhoef da Kraaiennest da dandalin Anton de Kom za ta sami doya da agade da manja da kuɓewa da busasshen kifi, kuma naman halal ba ya wuyar samu. Ta fuskar tukunya dai ba za ta sha wahala ba.

Inda nake so ki mai da hankali, Hajiya, shi ne gidan da za ta shiga, domin a ganina ya fi sunan unguwar muhimmanci. A Holan duk wanda zai zauna dole ne ya yi rajista a ofishin hukumar birni da adireshin gidan da yake kwana, daga nan ne ake ba shi lambar shaidar mazauni da ake kira BSN, wadda da ita ake aiki da biyan haraji da yin inshorar lafiya, wadda ita ma wajibi ce. Saboda ƙarancin gidaje, mutane da yawa suna karɓar hayar ɗaki daga hannun wanda shi ma ɗan haya ne, ba da sanin masu gidan ba, kuma irin wannan mai ba da ɗaki yakan ƙi yarda a yi rajista da adireshinsa don kada asirinsa ya tonu. Matar da ta shiga irin wannan ɗaki tana iya wayar gari an ce su kwashe kayansu, ba tare da takardar da za ta kare su ba. Saboda haka ki sa mahaifinta ko waliyyinta ya tambayi angon, cikin mutunci, ko sunansa ne a kan takardar hayar, ko gidan nasu ne su kaɗai ko da wasu ake raba kicin da banɗaki, kuma ko amarya za ta iya yin rajista a adireshin. Wannan ba cin fuska ba ne, kuma mijin kirki ba zai ji haushin tambayar ba. Ita ma tafiyar tana da ƙa'ida: a bisa al'ada sai ma'auratan duka sun kai shekara 21, mijin yana da tsayayyen albashi da ya isa, ita kuma ta ci jarrabawar farko ta harshen ƙasar da sanin al'adunta a ofishin jakadanci kafin a ba ta bizar shiga.

Abin da ya fi kayar da amare a can shi ne kaɗaici. Gidan bene ƙofa ɗaya gare shi, ana rufe ta, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo da sallama ba tare da an yi alƙawari ba. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 9 saura, ta faɗi wajen 4 da rabi na yamma, ga sanyi da yayyafi, miji kuma yana wurin aiki. A tsakiyar shekara lamarin yakan juya, rana ta kai ƙarfe 10 na dare ba ta faɗi ba, a lokacin ne kuma ake bikin Kwaku a filin shaƙatawa na Nelson Mandela, wanda ya faro a 1975 a matsayin gasar ƙwallo ta yaran unguwa. Ki ƙarfafa mata gwiwa ta riƙe makarantar koyon harshe da gaske, ta koyi hawan keke, ta nemi matan masallaci tun makon farko. Ta kuma san ƙananan dokokin da ake cin tara a kansu: ana jefa shara cikin manyan akwatunan da aka binne a ƙasa a bakin titi, wanda ya ajiye leda a gefensu kuwa ana iya bin sunansa a aiko masa da takardar tara, sannan ba a yanka dabba a gida, ko ta layya ce sai a mayanka mai lasisi.

TAMBAYA: Malam, na ji ana cewa a Holan gwamnati tana raba wa baƙi gidaje kyauta a irin waɗannan unguwanni. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Damagaram.

AMSA: Ba gaskiya ba ne, ɗana. Abin da ke akwai shi ne gidajen haya masu rangwame, mallakar ƙungiyoyin gidaje da ba riba suke nema ba, kuma ana biyan hayarsu duk wata. Mai ƙaramin albashi yana iya samun tallafin haya daga hukuma, amma sai yana da izinin zama. A yankin Amstadam ana yin rajista a shafin WoningNet a shiga layi, kuma jiran yakan wuce shekara 10, ga 'yan ƙasar ma. Waɗanda aka amince da su a matsayin 'yan gudun hijira ne hukumomin birane ke da alhakin sama wa matsuguni, su ma haya suke biya. Wanda ya shiga ba da takardu ba kuwa, dokar da ta soma aiki a 1998 ta hana shi gidan rangwame da tallafin hukuma, abin da ya rage masa shi ne hayar ɗaki ko gado a ɓoye, a kan kuɗin da mai ɗakin ya ga dama.