Kafin ka taya motar gwanjo, tono tarihinta

Wani Alhaji mai sayar da motoci a Garwa ya rubuto cewa dillalinsa ya turo masa hoton Toyota Highlander a gwanjon Copart na Amurka. Bamba kaɗai ta fashe, farashin kuma kamar tsintuwa. Tambayarsa: "In tura kuɗi?"

Alhaji, dakata tukuna. Ka ce wa dillalin ya turo maka lambar shasi, wadda suke kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, O ko Q a ciki. In ka ga ɗayansu, ko an yi kuskuren kwafa ko ana shirin yi maka sakiyar da ba ruwa.

Ka zuba lambar a shafin intanet na Bidfax, inda tsofaffin hotunan gwanjon Copart da IAA (wani kamfanin gwanjon motoci na Amurka) suke zaune tare da farashin da aka sayar. Carfax da AutoCheck, masu ba da rahoton tarihin mota, na kuɗi ne, amma bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Abin da na fi dubawa shi ne sau nawa motar ta shiga gwanjo. Kamfanin inshora yakan kawo mota yadda hatsari ya bar ta, ya sayar ya wuce. Wasu kuwa su saye ta, su buga ƙarfe, su fesa fenti, su toshe gurbin jakar iskar da ta fashe, su mayar da ita gwanjon. Sai ka tarar wata shida baya gabanta a murƙushe har gilashi, yau kuma "bamba kaɗai". Don haka duba wanda ke sayarwa, inshora ce ko ɗan kasuwa irinka. Lissafin nisan tafiyar da motar ta yi ma ka gwada, da mil suke ƙirgawa, in na yau ya gaza na bara an taɓa shi.

Motar ambaliya kuwa, irin waɗanda suka cika gwanjo bayan guguwar Harvey a Texas a 2017, ni ban ba ka shawara ba ko nawa ce. Jiki sumul, wayoyi da kwamfutar ciki suna ruɓewa a ɓoye. Sai ka biya jirgin ruwa zuwa Duwala, ka biya duwan (kwastan), ta hauro ta Ngaundere, sannan makaniki ya yi ta canza fis yana kallonka.

Ranar da ta iso, ka haɗa lambar da ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takarda. Sai sun zo ɗaya ka cika wa dillali ragowar kuɗinsa.