Hukuncin faɗan keji da gwada ɗan dambe da ɗan kokawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne, na taso ina kokawa a unguwarmu, daga baya na ɗan koyi kareti. A majalisarmu kullum gardama ake yi: in aka sa ɗan dambe da ɗan kokawa da ɗan kareti a fili, aka ce babu doka, wa zai kwantar da wa? Gardamar ta yi zafi har abokaina biyu, ɗaya ɗan dambe ɗaya ɗan kokawa, sun ce za su je bayan gari su gwada, kowa ya ajiye kuɗi. Ni kuma mai horar da ni yana kwaɗaita mini shiga faɗan keji irin na gasar UFC ta Amurka, ya ce ai Khabib, tsohon zakaran gasar ɗan ƙasar Rasha, shi ma Musulmi ne mai salla. Mene ne hukuncin duk wannan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin abin ya faru. Sau da yawa irin wannan tambaya ba ta zuwa mana sai an kwantar da wani a asibiti.

Gardamar da kuke yi a majalisa an riga ku yin ta, har an zubar da jini a kanta. Ranar 12 ga Nuwamba 1993, a birnin Denver na Amurka, aka tara mutum takwas, kowa da salonsa, aka sa su karawa bibbiyu a keji ɗaya. Babu rukunin nauyi, abubuwa kaɗan ne aka hana, irin su cizo da ƙwaƙule ido. Wannan ita ce gasar UFC ta farko. A karon farko wani ɗan ƙasar Holan mai suna Gerard Gordeau ya hauri ɗan kokawar sumo, Teila Tuli, a fuska, haƙorin Tuli ya yi tsalle ya fita, duk cikin ƙasa da rabin minti, alhali Tuli ya haura kilo 180. Wanda ya ci gasar kuwa shi ne Royce Gracie, ɗan Brazil, siriri, nauyinsa wajen kilo 80, gwanin jujitsu. Mutum uku ya ci a dare ɗaya, dukansu a ƙasa suka sallama, har da ɗan damben boksin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa kokawa kamarka. Mai naushi yana buƙatar tazara da ƙafafunsa biyu a kafe. Da zarar an rungume shi an kai shi ƙasa, hannun nan da yake taƙama da shi ya rasa inda zai ɗauko ƙarfi. Ɗan kokawa shi ke zaɓar inda za a yi faɗan, a tsaye ko a kwance. Sai dai gaba da gabanta. Ba a daɗe ba masu naushi da shuri suka koyi kare kayi: a 1997 Maurice Smith ya doke ɗan kokawa Mark Coleman, a 2000 kuma Sakuraba na Japan, shi kuwa ɗan kokawa, ya sha gaban Royce Gracie kansa bayan minti 90 suna fafatawa. Daga nan kowa ya koma haɗa salo. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da kokawa ya hau kambu a 2019. Israel Adesanya, haifaffen Legas, a shekarar ya hau nasa da naushi da shuri. Shi kuma Usman, a Agustan 2022 yana gaba da maki, saura kamar minti ɗaya a tashi, shuri ɗaya a kai daga Leon Edwards ya sumar da shi.

Na kawo maka wannan ne don ka gane cewa abokanka ba za su gano komai a bayan gari ba. Wanda ya yi nasara a ranar ya yi ne saboda nauyinsa, ko numfashinsa, ko santsin ƙasa ya kwashe abokinsa. Gardamar za ta dawo majalisa yadda take, sai dai wani ya dawo da karaya.

Yanzu hukunci. Asalin motsa jiki da koyon dabarun faɗa halal ne, kuma da kyakkyawar niyya mutum yana samun lada. Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma kowanne akwai alheri a tare da shi. Kokawa kuwa tana da nata dalilin na musamman. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana, gagarabadan Ƙuraishawa, ya kayar da shi. Tirmizi ya yi magana a kan isnadin, amma ƙissar ta zo ta wasu hanyoyi da suka sa malamai da dama suka karɓe ta. Malaman tarihi kuma sun kawo cewa gab da yaƙin Uhudu an karɓi Rafi'u ɗan Khadij saboda iya harbi, aka mayar da Samura ɗan Jundub saboda ƙuruciya. Samura ya ce ai yana kayar da Rafi'u. Aka sa su kokawa a gaban Annabi, ya kayar da shi, aka karɓe shi.

Ka lura da yadda kokawa take ƙarewa. Mutum ya taɓa ƙasa, an gama, ya tashi ya kakkaɓe rairayi, gobe ya tafi gona. An san wanda ya fi ƙarfi da dabara ba tare da an fasa fuskar kowa ba. A nan ne hanya ta rabu tsakaninta da dambe da boksin da faɗan keji, domin su nasararsu mafi daraja ita ce ka bugi kan ɗan'uwanka har hankalinsa ya gushe.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya ce idan ɗayanku zai yi faɗa, to ya nisanci fuska. Malamai suka ce saboda fuska ita ce matattarar gani da ji da magana, ga ta da laushi, aibinta kuma ba ya ɓoyuwa. An hana dukan fuska a wurin ladabtarwa, an hana a wurin tsayar da haddi ga mai laifi. To ina ga wanda bai yi maka laifin komai ba, sai don ’yan kallo su yi ihu? Ga kuma ƙa'idar da Imamu Malik ya ruwaito: babu cuta, babu cutarwa. Allah ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannuwanku zuwa halaka, a Nisa'i kuma, aya ta 29, kada ku kashe kanku. Likitoci sun tabbatar da cewa bugun kai da ake maimaitawa yana girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙonta, illarsa kan fito bayan shekaru: mantuwa, rawar jiki, nauyin harshe. Wani lokaci ma ba ta jira. Ɗan boksin na Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya rasu a 1982 kwanaki kaɗan bayan wasansa a Las Vegas. João Carvalho na Fotugal ya rasu a Afrilun 2016 bayan faɗan keji a Dublin, ga alƙalin wasa, ga likitoci a wurin.

A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na goma a Makka, watan Safar 1408, daidai da Oktoban 1987, ta yanke cewa damben boksin yadda ake yin sa a gasa haramun ne, haka ma kokawar da kowa ke halatta wa kansa cutar da abokin karawarsa. Ta kuma bayyana cewa kokawar da take motsa jiki ce zalla, babu cutarwa, halal ce. Wannan shi ne abin da nake fatawa da shi, kuma faɗan keji ya fi cancantar shiga hanin, tunda ya haɗa naushi da shuri da gwiwa da gwiwar hannu, har a kan wanda yake kwance.

Za a ce ai su biyun sun yarda, sun sa hannu a takarda. Yarda tana aiki ne a kan abin da mutum ya mallaka. Idonka da ƙwaƙwalwarka amana ce a hannunka, ba ka da ikon ba da su kyauta, kamar yadda yardar mai bayarwa da mai karɓa ba ta halatta riba. Dubi yadda shari'a ta kimanta gaɓoɓi: haƙori ɗaya diyyarsa raƙuma biyar, ido ɗaya raƙuma hamsin. Haƙorin nan na Tuli da ya tashi a Denver ana tafi, a ma'aunin Musulunci raƙuma biyar ne suka faɗi ƙasa.

Za a kuma ce yanzu an sa dokoki. Gaskiya ne, tun wajen 2000 an kafa ƙa'idoji a Amurka, an raba nauyi, an sa safar hannu, an hana dukan ƙeya da al'aura da karo da kai. Wannan ya rage ɓarna, kuma ba ma ƙin faɗin alheri inda yake. Amma dukan fuska yana nan, shi ne ma abin da ake saye da tikiti. Muddin dalilin hukunci yana nan, hukuncin yana nan.

Batun Khabib, muna yi masa fatan alheri, kuma an shaide shi da bayyana addininsa ba kunya. Ya yi wasa 29 ba a ci shi ba, ya ajiye a Oktoban 2020. Sai dai aikin wani Musulmi, komai nagartarsa, ba ya zama hujja a shari'a. Da aya da hadisi ake auna mutane.

Ba zan ɓoye maka ba, damben gargajiyarmu ma hukuncinsa ke nan, duk da na san matsayinsa a zukatan jama'a, tun daga mahauta da suka gaje shi har zuwa gidajen dambe na yau. Hannu ne aka naɗe da zare har ya zama kamar dutse, ana neman muƙamuƙi da shi, kuma faɗuwar mutum ma “kisa” ake ce mata. Ga abin da ya fi dukan muni: layu da guraye da tsaga hannu a cusa magani, da zuwa wurin boka. Annabi ya ce wanda ya rataya tamima, wato laya, ya yi shirka. Wannan ɓangaren ya shafi ’yan kokawa ma. Gasar kokawa ta cin takobi da ake yi a Nijar tun 1975 asalinta halal ne, amma ɗan kokawar da ya shiga fili yana jin cewa abin da ke ɗaure a damtsensa shi zai kayar masa da abokin karawa, ya yi asarar da ta fi faɗuwa.

Abokanka biyu kuwa, ka je musu yau, kada ka bari sai gobe. Abin da suka shirya ya tara cutarwa da caca, domin kuɗin da kowane ɓangare ya ajiye mai nasara ya kwashe shi ne maisir ɗin da Ma'ida, aya ta 90, ta haɗa da giya. A mazhabarmu ta Malikiyya, gasa a kan kuɗi ta keɓanta da dawakai da raƙuma da harbi, sauran kamar kokawa da tsere da ƙafa ana yin su ne kyauta. Wasu malamai sun sassauta idan kyautar daga wani na uku ta fito, kamar hukuma ko attajiri, a wasan da yake halal. Amma ajiya daga ɓangarorin biyu babu mai halatta ta a nan. Ka kuma sanar da su wani abu da matasa ba su sani ba: a mashhurin mazhabar Malik, wanda ya bugi mutum cikin fushi da gaba ya mutu, ko da mari ne, kisan ganganci ne mai ƙisasi; in kuwa cikin wasa ne, kuskure ne mai diyya da kaffara. Faɗan da gardama ta haifa, aka sa kuɗi, abokai na zuga, wa zai rantse cewa wasa ne har ƙarshensa? Bayan gari babu katifa. Ƙeya ɗaya ta bugi dutse, iyalai biyu sun shiga makoki. Masu zuga da masu ɗauka a waya suna da kasonsu na zunubi, domin Allah ya hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare iyaka. In sun ƙi jin ka, ka gaya wa iyayensu ko mai unguwa. Wannan ba tsegumi ba ne, ceton rai ne.

Kai kuma, ci gaba da kokawarka. Judo da jujitsu ma babu laifi, muddin ana sakin mutum da zarar ya sallama, domin shaƙa tana tare jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙu kaɗan mutum ya suma, don haka ba a yin ta sai gaban mai horarwa da ya san aikinsa. Kareti da boksin, koyi naushinsu a jikin buhu da matashin da mai horarwa ke riƙewa, ko gwaji mai sauƙi da abokin horo ba tare da nufar fuska ba. Soja da ɗan sanda da mai gadi, koyon wannan a kansu ya fi ƙarfi ma. Ka rufe tsakanin cibiya da gwiwa. Malamai sun yi saɓani a kan cinya, Bukhari ya ce hadisin Anas ya fi ƙarfin isnadi, na Jarhad ya fi kiyayewa, kuma wando mai kaiwa gwiwa ba ya hana kowa kayi. Kada ka rusuna wa malami ko hoto irin rusunawar ruku'u, sallama da musafaha sun wadatar. Kada horo ya ci maka salla, kada a cakuɗa maza da mata a kamawa.

In ɓarawo ko ɗan daba ya tare ka, shari'a ta ba ka damar kare kanka da dukiyarka, kana farawa da mafi sauƙi: magana, ihu, gudu in akwai hanya, sannan hannu gwargwadon abin da zai tunkuɗe shi. Ka tuna a titi ba ka san abin da ke cikin rigarsa ba, ba ka kuma san su nawa ne ba, kuma gwanin kokawar da ya kwanta a kan mutum ɗaya ya ba na biyun bayansa.

Mai horar da kai ka gaya masa cikin ladabi cewa za ka ci gaba da horo, amma ba za ka shiga keji ba. In ya matsa, nemi wani.

Allah ne mafi sani.