Buri, niyya da manufa: amsar tambayoyinku kan kalmomi da karin magana

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyi uku na ɗauko, kuma duk ukun kusan hanya ɗaya suka bi, shi ya sa na haɗe su.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya, ya ce malam wai mene ne bambancin buri da niyya da manufa, shi dai yana ganin duk abu ɗaya ne. To ɗana ba ɗaya ba ne fa. Buri shi ne abin da rai ke kwaɗayin samu ko da mutum bai ɗaga ƙafa ba, kana kwance a kan katifa ma za ka iya cin burin mallakar gida a Abuja, kuma ka lura da yadda muke faɗa, "cin buri" muke cewa, sannan in abin ya wuce kima mu ce wane yana da dogon buri, wanda kuma ba yabo ba ne. A wasu wuraren za ka ji ana cewa guri, da jan wasalin u, wannan daban yake da guri na Kananci mai nufin wuri, shi gajere ne. Niyya kuwa aro ce daga Larabci, ta shigo mana ta hanyar addini, kowa ya san hadisin farko na Arba'una da ya ce ayyuka suna tare da niyya. Ita niyya a bakin aiki take tsaye, ba ka niyyar azumi sai za ka ɗauka. Manufa kuma tamu ce ta gida, daga "nufa" aka gina ta da ɗafin ma- irin na makaranta da majema da masaƙa, wato inda aka dosa. Ni wannan ginin yana burge ni wallahi, domin wanda ya nufi wuri ai ya riga ya juya wa sauran wurare baya. In ka nufi Katsina daga Kano ba ka kan hanyar Zariya kenan, ko ka so ko ka ƙi.

Sai wata 'yar'uwa daga Maraɗi, ita tambayarta ta fi taɓa ni. Ta ce tana koyon ɗinki, tana son komawa makaranta, ga kuma 'yar sana'ar sayar da kayan miya da take son buɗewa, sai kakarta ta ce mata taura biyu ba ta taunuwa, shin tsohuwa hana ta take yi ko me? Ƙanwata, ba hana ki take ba. Yaran birni da yawa yanzu ba su san taura ba shi ya sa maganar take zame musu. Taura ɗan itace ne na daji, faffaɗa mai zagaye, ƙwallon cikinta babba ne mai tauri ga zare-zare, ɗan naman da ake ci kaɗan ne a jikinsa sai an yi ta gwaguya ana juya ta a baki. Ɗaya ma cika baki take, in kika tura biyu ba ki da wurin motsa haƙori, ki rasa zaƙin ta farko ki rasa na ta biyu. Amma ki duba da kyau, karin maganar bai ce a zubar da ta biyun ba, hannu yana nan, aljihu yana nan, a ajiye ta sai an gama da ta baki. Wato maganar jeri ce, wanne ne gaba wanne ne baya, abin da muke kira fifiko, daga "fi" aka samo fifita da fifiko. Ni da shawara kika nema da na ce ki riƙe ɗinkin nan har hannunki ya faɗa, tunda shi ne zai iya kawo kuɗin rajista da jarin kayan miyan daga baya, amma ke kika san gidanku. 'Yar'uwar wannan magana ita ce ba a gudu ana susar takashi, kuma wanda ya ƙi ji shi ake cewa ya yi biyu babu, ko ba tsuntsu ba tarko.

Na ukun gajere ne, wani bawan Allah daga Kumasi ya ce a fassara masa "hangen Dala ba shiga birni ba". Dala dutse ne a cikin tsohon birnin Kano, kuma ƙasar wajen shimfiɗaɗɗiya ce, don haka fatake da ke tafe da jakuna da raƙuma tun daga nesa suke hango shi, rai ya yi sanyi a ce an iso, alhali akwai sauran tafiya kafin a kai ga ganuwa a shiga ta ƙofa. Ana faɗa wa wanda ya ga alamar nasara ya saki jiki, kamar ɗalibin da ya samu gurbin karatu a jami'a ya fara jin kansa mai digiri, ko wanda aka yi wa alkawarin aiki ya soma cin bashi a kai. Hangen yana da amfaninsa fa, shi ke nuna maka ba ka ɓata hanya ba, kar dai ka sauke kaya a nan.

Akwai wanda ya tambayi "ba a fafe gora ranar tafiya", wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, don sai na yi bayanin yadda ake yanke bakin gora a ƙwaƙule cikinta a jiƙa ta kwana da kwanaki ɗacin ya fita kafin a zuba ruwan sha.