Tambayoyinku: Me Zan Goya a Tafiyar Kwana Shida Kan Tsaunukan Alps?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Grenoble ta ƙasar Faransa. Na iya zamiya a kan dusar ƙanƙara a filayen wasa, inda na'ura ke ɗaukar mutum zuwa sama, kuma a hunturun bana na fara fita ta yini guda ina hawa da ƙafata. Yanzu abokaina sun shirya mu bi hanyar Haute Route daga Chamonix ta Faransa zuwa Zermatt ta Suwizalan a watan Afrilu, kwana shida, tare da jagora. Na haɗa kayana na auna, sun kai kilo 16. Me zan rage, me zan saya, me kuma zan yi haya? Daga ƙaninka a Grenoble.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kilo 16 ya yi yawa ƙwarai. Jakar da za ka goya a wannan hanya kada ta wuce kilo 8 zuwa 10, har da ruwan sha, kuma mai cin lita 30 zuwa 35 ta ishe ka. In ka sayi babba, cika ta za ka yi. Ka tuna kusan kullum za ku hau tudun da ya kai mita 1,000 ko fiye, a inda iska ba ta ƙosar da huhu, sannan ku gangaro da kayan nan a baya a kan dusar da ba wanda ya gyara ta. Mai nauyin kaya shi ke jan ayari baya, kuma jinkiri a watan Afrilu haɗari ne, domin da rana ta take dusar ta yi laushi, gangare ya fara saki. Shi ya sa ake barin masauki tun da asuba, da fitila a goshi.

Ban ga kayanka ba, amma na san inda rarar take: a kayan kwana. Masaukan hanyar, irin su Trient da Dix da Vignettes, suna da masu kula da su a wannan lokaci. Suna ba da gado da bargo, abincin dare da karin kumallo, har da takalmin roba na yawo a cikin gida. Saboda haka ajiye jakar barci mai kauri, ajiye risho da tukunya, ajiye tawul da tufafin canji na kowace rana. Abin da suke nema a wurinka shi ne siririn zanen barci da aka ɗinke gefensa, wanda ake shiga cikinsa a ƙarƙashin bargo saboda tsafta. Wannan dole ne. Ƙara da buroshin haƙori, abin toshe kunne domin ɗaki ɗaya za ku kwana da mutane da yawa, riga busasshiya guda da safa ta canji. Wanka kuwa cire shi daga lissafi, don a can sama bututun ruwa a daskare yake. Ruwan kwalba ake saya, kuma da tsada, tunda jirgi mai saukar ungulu ke kai shi. Ka riƙe tsabar kuɗi, faran na Suwizalan da 'yan yuro na ɓangaren Faransa, ko da na'urar kati ta ƙi aiki.

Jakar nan ta sa'o'in da ke tsakanin masauki da masauki ce, kuma a nan ne ban yarda a yi rowa ba. Abu uku ba sa rabuwa da mai wannan tafiya. Na farko na'urar gano wanda zaftarewar ƙanƙara ta binne, wadda masu haya a Faransa za su kira maka DVA. Dukansu a kan zango ɗaya suke aiki, kilohaz 457, don haka ta kowane kamfani tana jin ta wani. Nemi mai eriya uku, ka sa mata sabon batir, ka ɗaura ta a jikinka a ƙarƙashin rigar sama. Kada ta shiga jaka, domin zaftarewa kan fizge jaka daga bayan mutum. Wayarka ta yi nesa da ita da aƙalla santimita 20 a lokacin tafiya, santimita 50 a lokacin neman wani, saboda waya na rikita ta. Na biyu sanda mai naɗewa ta lalubo wanda ya binnu a cikin dusa, tsawon santimita 240 ko fiye. Na uku shebur na ƙarfe. Dusar da ta zafto dunƙulewa take yi ta yi tauri, na roba karyewa yake a cikinta.

Dalilin nacina shi ne lokaci. Alƙaluman Suwizalan sun nuna cewa cikin waɗanda aka tono a minti 10 zuwa 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Da an kai minti 35, sai wajen mutum ɗaya cikin uku. Jirgin ceto ba kasafai yake isowa cikin wannan ɗan taƙi ba, abokin tafiya ne ke tono abokinsa. Don haka mallakar kayan kaɗai ba ta wadatar ba. Ku fita da abokanka tun yanzu, ku binne na'ura ɗaya a cikin jaka, ku riƙa nema kuna duba agogo, ku yi ta maimaitawa har hannu ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kayan da ake fatan a dawo da su ba a taɓa ba. A ƙarshen Afrilun 2018 guguwa ta rutsa da mutum 14 a yankin Pigne d'Arolla, a hanyarsu ta zuwa masaukin Vignettes. Suka kwana a fili a sama da mita 3,000, 'yan ɗaruruwan mitoci kacal daga masaukin da ba sa iya gani, bakwai daga cikinsu suka rasu. Sanyi da iska ne suka yi wannan ɓarna. Tun da na karanta labarin nan nake duban jakar kowa da wani ido. Rigar sanyi mai cike da gashin tsuntsu, safar hannu mai kauri irin wadda yatsu ke zama wuri ɗaya, tabarau mai rufe fuska na guguwa, da buhun fakewa na gaggawa mai ɗaukar mutum biyu: duka-duka nauyinsu bai taka kara ya karya ba, kuma su ne abin da mutum zai dogara da shi in dare ya same shi a waje. Sauke taswirar swisstopo, ta hukumar taswira ta Suwizalan, a wayarka yadda za ta buɗe ba intanet, ka ɗauki ƙaramin batirin caji, ka riƙa ajiye wayar kusa da ɗumin jiki don sanyi na cinye caji. Ko da jagora na riƙe da hanya, ya kamata a samu mutum na biyu da ya san inda ake.

Yanzu saye da haya. In kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi takalmi. Allunan zamiya, gatari, ɗamara, duk ana hayarsu a Chamonix, amma takalmin da ƙafarka ba ta saba da shi ba shi ke mayar da mutane gida a kwana na biyu, da bororo a dunduniya. Je wurin mai gyaran takalmin zamiya ya gasa masa cikinsa daidai ƙafarka, ka yi fita da shi sau da dama kafin Afrilu. Inda ka san yana gugarka, manna filasta tun a masauki kafin fata ta tashi. Alluna kuma, masu faɗin milimita 80 zuwa 95 a tsakiya sun dace. Masu faɗi sosai suna da daɗi a sabuwar dusa, amma nauyi ne a ƙafa, kuma ba sa kama daskararren gangare da sassafe. Maɗaurin takalmi ya zama irin mai ƙusa biyu a gaba, wanda ke sakin dunduniya a lokacin hawa.

Fatar da ake mannawa a ƙasan allo don kada ya zame baya, a da ta dabbar teku ce, yanzu da gashin akuyar Angora ake yinta, ko nailan, ko haɗin biyun. Haɗin nake zaɓa. Duba ƙarfin gam ɗinta tun a gida, kuma in kun cire don gangara, sa ta cikin rigarka ta sha ɗumi, domin gam mai sanyi ba ya kamawa a hawa na gaba. Akwai kuma ƙarfe mai haƙora da ake maƙala wa allo a kan daskararren gangare. Mutane sukan manta shi, alhali a safiyar Afrilu kusan kullum sai an neme shi. Ka tabbata ya dace da faɗin allonka da irin maɗaurinka.

Hanyar tana ratsa kogunan ƙanƙara masu ramuka da dusa ta rufe bakinsu, don haka ɗamarar igiya a ƙugu take yini. Da ita da gatari mara nauyi da haƙoran ƙarfe na takalmi da hular kwano, naka ne. Igiya da kayan ciro mutum daga rami, tambayi jagoranku abin da zai ɗauko don kada ku ninka. Ka kuma tabbata yana da shaidar ƙungiyar jagororin tsauni ta duniya, IFMGA. Tufafi a taƙaice: ta ciki ta ulu ko ta zaren roba, ta tsakiya mai ɗumi, ta sama mai tare iska da ruwa. Auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, bar ta a gida.

Wajen zuba kaya a jaka, zanen barci da kayan dare su sauka ƙasa, masu nauyi su jingina da bayanka, rigar sanyi da safar hannu da fulas na shayi su zauna a sama. Shebur da sanda a aljihunsu na musamman, inda hannu zai kai gare su ba tare da an zazzage komai ba. Wayar ƙarfe kaɗan da salatif da ƙaramin sukudireba sun isa gyaran hanya.

TAMBAYA: Malam, jakar nan mai balan-balan da ke kumbura in ƙanƙara ta zafto, dole ce? Kuma mu masu baƙar fata muna buƙatar man kariyar rana? Daga 'yar'uwarka a Lausanne.

AMSA: 'Yar'uwa, jakar tana da amfani. In aka ja igiyarta da wuri takan taimaka mutum ya tsaya a saman dusar maimakon ya nutse. Sai dai tana ƙara kilo guda ko fiye, tana cin wuri, kuma ba ta maye gurbin na'ura da sanda da shebur. A doguwar tafiyar Afrilu da yawa sukan bar ta, a tsakiyar hunturu kuwa ni ina ɗaukarta. Abin da ya fi ta shi ne karanta sanarwar SLF, cibiyar binciken zaftarewar ƙanƙara ta Suwizalan da ke Davos, kowace yamma. Ma'aunin haɗarin daga 1 ne zuwa 5, kuma kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa, galibi a gangaren da ya kai digiri 30 ko fiye.

Man rana kuwa, e, ki shafa. Sabuwar dusa tana mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, kuma ƙarfinsa na ƙaruwa da wajen kashi 10 a kowane mita 1,000. Leɓe da ƙasan hanci da kunne su ke fara ji. Ido ma bai san launin fata ba: yini guda ba tabarau kan jawo makantar wucin gadi mai raɗaɗi. Ki nemi tabarau mai lamba 4, mai rufe gefen ido, ki sa na biyu a jaka ko da na farko ya faɗi.