Wane horo ake buƙata don kula da mai larurar ƙwaƙwalwa da ke shaye-shaye?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Da yawa cikin majinyatanmu suna shaye-shaye, mu kuma in mun gano sai dai faɗa, ko mu ce su je su daina tukuna. Wane horo ya kamata a ba mu?

Amsa: Malama, wannan "je ka daina tukuna" ita ce kalmar farko da horo zai cire daga bakin ma'aikaci. Larurorin biyu juna suke rurawa: mai ciwon damuwa yana shan giya don ya samu barci, giyar kuma ta ƙara masa damuwar. In aka raba su, sashen ƙwaƙwalwa ya tura shi sashen masu shaye-shaye, wancan ya dawo da shi, sai ya ɓace a tsakani. Tare ake maganinsu.

Sai iya tambaya. Kowane majinyaci ake tambaya, ba sai wanda idonsa ya yi ja ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da AUDIT, tambayoyi 10 kan giya, da ASSIST da ya haɗa taba, wiwi da sauran ƙwayoyi. Littafinta na mhGAP, wanda ya fito a 2010, an rubuta shi ne domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Amma takarda ba ta sa mutum ya faɗi gaskiya. Salon hira da masanin halayyar ɗan Adam William Miller ya fara bayyanawa a 1983 ya fi wa'azi aiki: ki bar shi ya faɗi da bakinsa abin da shan yake ci masa.

Inda na fi ganin giɓi shi ne ilimin magunguna. Hayaƙin taba yana rage yawan clozapine da olanzapine (magungunan larurar ƙwaƙwalwa) a jini, don haka in majinyaci ya bar taba kwatsam a gadon asibiti, maganin na iya yi masa yawa. Tramadol yana iya jawo farfaɗiya, haɗa shi da magungunan damuwa kuma haɗari ne. Wanda ya saba da giya aka yanke masa, zai iya ruɗewa da karkarwa bayan kwana 2 ko 3, a zaci ciwonsa ne ya tashi, alhali diazepam (maganin kwantar da jijiyoyi) da thiamine (bitamin B1) yake buƙata da gaggawa.

Bitar yini ɗaya kuwa, gaskiya ba ta sauya hali. Ku nemi a riƙa gwada hirar a tsakaninku, ɗaya ta zama majinyaci, sannan wani ƙwararre ya riƙa zama da ku duk wata kuna duba majinyatan da suka gagara.